Yadda Ake Saita Ƙafar Bayan Chevelle Don Taya Ta Kama Ƙasa Wajen Tashi

Chevelle SS 454 ta 1970 mai injin LS6 ta fito daga kamfanin Chevrolet da ƙarfin doki 450. Sai dai a bakin layin tseren miƙe, da tayoyinta na asali, kaso mai yawa na wannan ƙarfin a hayaƙi yake ƙarewa. Direba ya taka totur, gindin mota ya zauna, tayar dama ta yi ta juyi a wuri ɗaya, ko kuma aksil ya kama tsallen kwaɗo har haƙoran mutum su riƙa haɗuwa. Kafin ta dawo hayyacinta, motar da ba ta kai ta ƙarfi ba ta yi gaba.

Tseren da Amurkawa suka fi yi da irin waɗannan motoci gajere ne, kwatan mil, wato ƙafa 1,320 ko kusan mita 402, kuma hukumar NHRA da Wally Parks ya kafa a 1951 ita ce ta fi fice wajen shimfiɗa masa dokoki. Takardar lokacin da ake miƙo wa direba bayan ya gama tana nuna daƙiƙoƙin da ya ci a ƙafa 60, da 330, da 660, da 1,000, da ƙarshen layi. Mai gyaran ƙafar mota, wato ƙarafa da sifirin da shokazoba da ke haɗa tayoyi da jikinta, lambar farko yake dubawa. Ƙafa 60 bai wuce mita 18 da ɗoriya ba, amma masu harkar sun daɗe da lura cewa idan ka rage kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa a nan, kakan samu ragin da ya kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu a ƙarshen layi. Wannan lambar ce alƙalin duk abin da za mu yi.

Zan yi bayanin a kan Chevelle ta 1968 zuwa 1972 mai ƙofa biyu. Pontiac GTO da Oldsmobile 442 da Buick GS na waɗannan shekaru shasinsu iri ɗaya ne da nata, don haka aikin bai bambanta ba. Mustang ta 1979 zuwa 1993 ma tsarin ƙafarta na baya kusan haka yake, tsawon hannuwa da tazarar tayoyi ne suka sha bamban.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin mota

Aksil ɗin bayan Chevelle ƙarfe ne guda miƙaƙƙe, yana zaune a kan sifirin mai naɗi, hannuwa huɗu suna riƙe da shi. Biyu dogaye ne a ƙasa, daga gindin aksil zuwa shasi. Biyu gajeru ne a sama, sun tashi daga kunnuwan da ke saman ƙwaryar aksil sun buɗe a karkace zuwa shasi, kuma wannan karkacewar ce ke hana aksil zamewa hagu ko dama. Idan taya ta juya gaba, jikin aksil yakan so juyawa baya, hancinsa ya ɗaga sama. Saboda haka ana jan hannuwan sama, ana tura na ƙasa. Duk ƙarfin da ke ingiza motar ta waɗannan ƙarafa huɗu yake bi.

Akwai wani kuskure da ya kamata a kawar tun yanzu. Mutane da yawa suna ganin idan gindin mota ya tsuguna wajen tashi, nauyi ne ya danne taya. Ba haka ba ne. Yawan nauyin da ke komawa baya abu huɗu ne ke yanke shi: nauyin mota, saurin fizgarta, tsayin cibiyar nauyinta (wurin da nauyinta ya daidaita ta kowane ɓangare) daga ƙasa, da tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya. A Chevelle mai ƙofa biyu tazarar inci 112 ce. Mu ce cibiyar nauyin tana inci 21 daga ƙasa, motar da direbanta kilo 1,700, ta kuma fizga da ƙarfin da ya yi daidai da wanda ƙasa ke janyo abu da shi idan yana faɗowa. Raba 21 da 112, ka ninka da 1,700, ka samu kusan kilo 319 da zai bar gaba ya koma baya. Ko ta tsuguna ko ba ta tsuguna ba, lissafin kusan haka yake. Abin da hannuwan suke canzawa shi ne hanyar da nauyin zai bi da kuma saurin isarsa. Idan ta sifirin ya bi, sai ya jira sifirin ya lotsa, kuma a wannan ɗan lokacin aksil sama yake matsowa wajen jikin mota, taya ta yi sako-sako daidai lokacin da inji ya sakar mata ƙarfi. Idan ta hannuwa ya bi, nan take yake sauka a kan taya.

Kafin a taɓa komai

Ba a saita ƙafar da ta lalace. Ka ɗaga motar, ka ɗora shasinta a kan matokaran ƙarfe, kada ka shiga ƙarƙashi da jek kaɗai. Ka duba bushin takwas na hannuwan nan. Roba ce da ta haura shekara 50 idan ba a taɓa canzawa ba, kuma mafi yawan tsallen aksil daga nan yake farawa: roba ta matse, taya ta suɓuce, roba ta saki, taya ta sake kamawa, a haka a haka har wani abu ya karye. Hannuwan kamfani faranti ne da aka lanƙwasa, gindinsu a buɗe, suna murɗewa. Chevrolet da kanta ta san haka, shi ya sa a tsarin ƙafa na F41 ta rufe gindin hannuwan ƙasa ta kuma ƙara sandar hana tangaɗi a baya. Ko dai ka yi wa naka faranti da walda, ko ka sayi na bututu. Na sama ka sayi masu zare waɗanda ake ƙara musu tsawo ko a rage, domin za mu buƙace su nan gaba.

Game da bushin, ra'ayina shi ne kada ka cika duka takwas da roba mai taurin nan ta foliyuretan. Hannuwan sama a karkace suke, dole su ɗan murɗa idan aksil na motsi. Idan ka ƙulle su ta kowane ɓangare sai ƙafar ta cije, ta daina motsi yadda ya kamata, ƙarfin ya koma yana yage mazaunin da ke jikin shasi. A sa mai ƙwallon ƙarfe a ƙarshe ɗaya na kowane hannun sama, ya fi. Ka duba mazaunan da kyau ko akwai tsaga, ka kuma ɗaura ƙarfen tokara tsakanin mazaunin hannun sama da na ƙasa a kowane gefe, irin wanda kamfanin ya sa wa wasu motocinsa masu babban inji.

Sai cikin aksil. Idan ba shi da abin da ke ƙulle tayoyin biyu su ja tare, wanda Chevrolet ke kira Positraction, to ka tsaya nan ka fara da shi. Babu saitin da zai ceci motar da taya ɗaya ke ja.

Awo

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan aikin ƙimar ido ba ta isa ba, don inci ɗaya yana juya halin motar gaba ɗaya, kamar yadda za ka gani.

Ka ajiye motar a daɓen siminti mai daidaito, tana tsaye a kan tayoyinta, da tayoyin da za ka yi tsere da su, da iskar da za ka yi tsere da ita, da man da ka saba shiga layi da shi. Direba ya zauna a ciki, ko a ɗora buhunan yashi daidai nauyinsa a kujerarsa. Ka girgiza motar ka ɗan tura ta gaba da baya don ta zauna yadda take zama. Kayan aikin ba su da yawa: tef ɗin awo, igiya mai nauyi irin ta magina, alli, ma'aunin kusurwa mai maganaɗisu, da littafi.

Wurare huɗu za ka auna a gefe ɗaya: tsakiyar notin gaba da na baya na hannun ƙasa, da tsakiyar notin gaba da na baya na hannun sama. Kowanne ka rubuta tsayinsa daga ƙasa. Sannan ka saki igiya daga kowanne ka yi alama da alli a daɓe, ka saki daga tsakiyar aksil ma, ka auna nisan kowace alama daga layin aksil, kai tsaye zuwa gaba. A kula da wannan wajen hannun sama. Tun da a karkace yake, tsawonsa na zahiri ya fi tsawon da ake gani daga gefe, kuma na gefen muke so. Ka maimaita a ɗaya gefen. Idan bambancin gefe biyu ya yi yawa, akwai sifirin da ya gaji ko shasin da ya taɓa buguwa, a gyara wannan tukuna.

Cibiyar nauyi kuwa, wanda ke da sikelin tayoyi huɗu yana iya lissafa ta ta hanyar ɗaga gaban mota ya ga yadda nauyi ya koma. Wanda ba shi da shi, masu harkar suna ɗaukar tsayin kamshaf ɗin inji daga ƙasa a matsayin kimantawa, kuma ga irin waɗannan motoci masu injin V8 yana kusa da gaskiya.

Nemo mahaɗa

Nan ne zuciyar aikin, don haka zan daɗe a kai.

Ka samu takarda mai gidaje ka zana motar daga gefe bisa ma'auni, ko ka zana da alli a daɓe da girmanta na gaske idan kana da fili. Ka ja layi ta notuna biyu na hannun ƙasa ka zarce da shi gaba. Ka ja wani ta notuna biyu na hannun sama, shi ma ka zarce. Inda suka gamu, can a ƙarƙashin mota, shi ne mahaɗa. Babu ƙarfe a wurin, amma a daidai wannan lokacin aksil yana lilo ne kamar an rataye shi da dogon hannu ɗaya daga wannan wuri, kuma ta nan yake tura motar.

Sai layi na uku. Ka tafi kan tsakiyar tayar gaba, ka hau sama zuwa tsayin cibiyar nauyi, ka sa ɗigo. Ka ja layi daga inda tayar baya ta taɓa ƙasa zuwa wannan ɗigon. Wannan shi ne layin kashi 100. Idan mahaɗa ta faɗa a kansa, gindin mota ba zai tsuguna ba, ba zai ɗaga ba. Idan tana ƙarƙashinsa, mota za ta tsuguna. Idan tana samansa, jikin mota zai ɗaga, aksil ya soka taya ƙasa.

Ga misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin lissafi, irin na motar da aka ɗan rage wa tsayi. Naka za su bambanta. Notin bayan hannun ƙasa yana inci 9.5 daga ƙasa, na gaba yana inci 9, tsakaninsu inci 22. Ka ga hannun ya sunkuya gaba, wanda shi ne alamar farko ta matsala. Notin bayan hannun sama yana inci 18.5, na gaba 17.5, tsakaninsu inci 9 daga gefe. Mu ɗauka notunan baya duka biyu suna kan layin aksil. Layukan za su gamu a kusan inci 102 gaban aksil, a tsayin inci 7.2. Raba 7.2 da 102, ka samu 0.07. Raba 21 da 112, ka samu 0.1875. Raba na farko da na biyu, ka samu kusan kashi 38 cikin 100. Wato hannuwan suna ɗaukar kashi 38 ne kawai na nauyin da ke dawowa, sauran ta sifirin zai bi. Wannan motar za ta zauna daɓas ta yi hayaƙi.

Yanzu a saukar da notin bayan hannun ƙasa da inci 1, ba a taɓa komai ba. Mahaɗa ta dawo kusan inci 75 a tsayin inci 10.2, lissafi ya tashi zuwa kashi 73. A saukar da inci 2, ta dawo inci 61 a tsayin 11.7, ya zama kusan kashi 102. Inci biyu kacal suka raba motar da ke tsugunawa da wadda ke tashi a miƙe.

Ana yin wannan saukarwar da faranti mai huda da yawa da ake ɗaurawa a mazaunin hannun ƙasa a jikin aksil. Akwai na noti, amma ga mota mai ƙarfi a bi shi da walda. Hudojin a kan baka suke, ba a miƙe ba, don kada aksil ya matsa gaba ko baya idan ka canza huda. Kafin mai walda ya kama aiki, ka auna daga wuri ɗaya a shasi zuwa aksil a gefe biyu, ka tabbata aksil bai karkace ba. Aksil ɗin da ya karkace da kwatan inci zai riƙa jan motar gefe, ka yi ta neman laifin a wani wuri.

Akwai hanya ta biyu, tsohuwa, wato ƙarafan da ke ɗaga ƙarshen bayan hannuwan sama a kan ƙwaryar aksil. Suna gajarta mahaɗa su ɗaga ta sosai, kuma suna kashe tsalle. Amma sukan wuce gona da iri, su bugi taya da ƙarfi a farkon tashi sannan su sake ta bayan 'yan ƙafafu. Ga motar da ƙarfinta matsakaici ne suna aiki. Ni dai na fi son farantin ƙasa, saboda yana ba ka zaɓi mataki-mataki. Kuma kafin ka sayi ko ɗaya, ka tuna tsayin motar da kansa saiti ne: ɗaga gindi da sifirin mai ɗan tsawo yana ɗaga notunan gaba na hannuwan, lissafin ya canza.

Ina za a ajiye mahaɗa? Ya danganta da yadda ƙarfi ke isa ga taya. Mota mai giyar otomatik da ake tashi da ita daga birkin ƙafa ƙarfinta a hankali yake zuwa, tana son taimakon hannuwa, a fara da kashi 100 zuwa 120. Mota mai kuloci, ko mai birkin cikin giyabos da ke sakin ƙarfi lokaci guda, ita da kanta tana dukan taya, don haka a fara kusa da 100 ko ƙasa kaɗan, da mahaɗa mai nisa. Ƙa'idar da za ka riƙe: mahaɗa gajera mai tsayi tana duka da ƙarfi amma ba ta daɗewa, doguwa mai ƙasa-ƙasa dukanta da taushi amma tana riƙe taya zuwa nesa. Hannun ƙasa dai kada ya sunkuya gaba. Ya kwanta daidai ko gabansa ya ɗan ɗaga.

Duk notin da ka kwance, kada ka ɗaure shi tamau sai motar ta sauka a kan tayoyinta. Idan ka ɗaure tana rataye, bushin zai zauna a murɗe. Ƙarfin ɗauri ka bi abin da littafin motar ya ce.

Kusurwar finiyon

Finiyon shi ne ƙaramin giyar da ke hancin aksil, wanda farfela, sandar da ke kawo ƙarfi daga giyabos, ke juyawa. Bayan mahaɗa ake saita kusurwarsa, domin canza huda yana taɓa ta. Tun da hancin aksil yana ɗagawa idan an taka, ana sunkuyar da shi kaɗan tun motar na tsaye, ta yadda idan ƙarfi ya zo zai miƙe ya yi daidai da farfela. Ka ɗora ma'aunin kusurwa a jikin farfela ka rubuta, ka ɗora a kan bakin finiyon inda kuros, gaɓar da ke haɗa shi da farfela, yake zama ka rubuta. Idan farfela ta gangaro baya da digiri 1.5, hancin finiyon kuma ya sunkuya gaba da digiri 1.5, sun yi siffar harafin V kenan, jimla digiri 3.

Yawan da ake so ya danganta da yadda bushin ke lotsawa. Masu ƙwallon ƙarfe duka, digiri 1 zuwa 2 ya isa. Roba mai tauri, 2 zuwa 3. Robar kamfani, 3 zuwa 4. Gajarta hannuwan sama yana sunkuyar da hanci, ƙara musu tsawo yana ɗaga shi. Ka juya duka biyun daidai wa daida, kana ƙirga zagaye, ka kuma auna ratar taya da jikin mota a gefe biyu don ka tabbata aksil yana tsakiya. Za ka ji masu cewa ƙara sunkuyar da finiyon yana sa taya ta kama. Aikinsa na gaskiya kare kuros ne da hana jijjiga. Idan ya wuce kima, a kan hanya za ka ji motar tana rawa duk lokacin da ka ɗaga ƙafa daga totur.

Motoci masu sifirin falle-falle irin na a-kori-kura, kamar Camaro da Nova da Dodge Charger na wancan zamani, labarinsu daban ne. Sifirin ɗin da kansa yake naɗewa, don haka suna buƙatar digiri 4 zuwa 7 da kuma ƙarfen da ke hana naɗewar.

Tayar dama

Farfela tana murɗa aksil ta gefe, tana ɗaga tayar dama ta baya tana danne ta hagu. Shi ya sa a hotunan tsere za ka ga gaban hagu na mota ya fi tashi, jikin ya kwanta a kan bayan dama. Tayar hagu ta fi ja, motar ta nufi dama. Magani mai araha shi ne balan-balan ɗin iska da ake cusawa cikin sifirin na baya, kowanne da bututunsa daban. A bar na hagu a psi 5 (psi ma'aunin matsin iska ne), a fara na dama daga 10, a riƙa ƙarawa 2 ko 3 har motar ta tashi a miƙe. Idan ta fara nufar hagu, ka wuce. Mota mai ƙarfi sosai sai sandar hana tangaɗi ta tsere, wadda ke haɗe da shasi da 'yan sanduna masu zare. Ana daidaita su direba na zaune, ba tare da matsi ba, sannan a ƙara wa na dama tsawo kaɗan-kaɗan in akwai buƙata. Mayar da batir cikin but ta gefen dama yana taimakawa, amma dokar NHRA ta ce sai an sa makashin wuta a bayan mota daga waje.

Shokazoba da gaban mota

Hannuwa suna faɗin inda ƙarfi zai nufa, shokazoba ke faɗin saurinsa. Idan lissafinka ya haura 100, aksil da jiki rabuwa za su yi, don haka saitin miƙewar shokazoba na baya shi ne linzami. A sassauta, dukan ya zo da sauri. A ƙara masa tauri, dukan ya zo a hankali. Saitin matsewa kuma shi ke hana taya dawowa sama bayan ta bugi ƙasa. Ka sayi wanda ake saitawa, ka fara daga tsakiya, ka tabbata yana da sauran tsawo, kada ya ƙure kafin aksil ya gama tafiyarsa.

Gaba ma yana cikin aikin baya. Hancin mota ya samu damar tashi kamar inci 5 ba tare da cijewa ba. Tsohon shokazoban da ake kira 90/10 don haka aka yi shi, yana miƙewa da sauƙi yana dawowa a hankali. A filin tsere ana kwance sandar hana tangaɗi ta gaba. A mayar da ita kafin a hau titi, don mota mai sakakken gaba ba ta da daɗi a kwana ko kaɗan.

Ranar gwaji

A filin tsere ake wannan, ba a titin gari ba. Filayen Amurka suna da dararen gwaji da kowa ke iya shiga da kuɗi kaɗan, an fesa wa layin gam, akwai na'urar lokaci da motar asibiti. Masu duba mota za su nemi hular kwano idan kana cin daƙiƙa 13.99 ko ƙasa a kwatan mil, da zoben ƙarfe da ke tare farfela idan ta tsinke, wanda ake ɗaurawa cikin inci 6 daga kuros na gaba, ga mai wannan gudun da tayoyin tsere. Daga 11.49 sai da ƙarfen kariya a cikin mota.

Taya iri biyu ce, halinsu ba ɗaya ba. Sumul mai laushin gefe, wadda ke yamutsewa wajen tashi, tana jure duka, tana ma son ɗan juyi kaɗan, kuma ga mota mai nauyi ana fara ta a psi 12 zuwa 14. Radiyal ta tsere gefenta da tauri, ana fara ta a 16 zuwa 20, kuma idan ta suɓuce da wuya ta sake kamawa, don haka tana son a danne ta a kuma ci gaba da dannewa. Mickey Thompson da Hoosier duk suna yin iri biyun. Ka auna iska kafin kowane zagaye da geji ɗaya, ka ɗumama taya iri ɗaya, ka tashi a juyin inji ɗaya.

Ka sa wani ya tsaya a gefe, inda aka yarda a tsaya, ya ɗauki bidiyon tayar baya da waya a yanayin da ke rage gudu. Ka sa ɗigon farin fenti a gefen taya don a ga juyinta. Ka yi zagaye biyu ko uku ba ka canza komai ba, ka samu lambar da za ka riƙa kwatantawa da ita. Daga nan abu ɗaya ake canzawa a kowane zagaye, a rubuta shi tare da lokacin ƙafa 60, da iskar taya, da ƙarfe nawa ne, don layin rana tsaka da na bayan magariba ba ɗaya ba ne.

Ga yadda ake karanta bidiyon. Idan gindi ya zauna taya ta juya tun daga farko, dukan bai isa ba: sauka huda ɗaya, ko sassauta gaba. Idan jiki ya zabura sama, taya ta lotse har bakin rim ya kusa ƙasa, sannan ta dawo ta suɓuce bayan ƙafa biyu ko uku, dukan ya yi yawa: ƙara taurin miƙewa a baya da danni 2, ko ƙara iska kaɗan, in bai yi ba ka hau huda ɗaya. Idan ta kama da kyau sai can wajen ƙafa 15 ko 20 ta saki, ka kalli gaban motar, galibi hanci ne ya tashi da sauri ya ƙure ya faɗo, sai a ƙara wa shokazoban gaba tauri. Idan kuma ta kama har inji ya shaƙe, ƙafa ta gama nata, ka ƙara juyin injin da kake tashi da shi.

Idan tsalle ya dawo, ɗaga ƙafa nan take. Aksil ɗin Chevrolet mai noti 12 yana da ƙwari, amma sandunan tayoyinsa wani ɗan ƙarfe mai siffar kofaton doki ne ke riƙe su daga ciki, kuma idan sanda ta karye taya na iya ficewa da guntunta. Shi ya sa daga daƙiƙa 10.99 doka ta wajabta sanduna na musamman da abin riƙe su daga waje. Chevelle mai nauyin nan da ke kan tayoyin titi takan ci daƙiƙa 2 ko fiye a ƙafa 60. Da tayar tsere da ƙafar da aka saita, 1.6 zuwa 1.7 abu ne da ake samu ba tare da an buɗe inji ba. Duk lokacin da ka canza huda, ka sake ɗora ma'aunin kusurwa a kan finiyon kafin ka koma layi.